Tashar Caji a Bukkuyum: Batirin Na Wa Ne?

A bakin tashar garinmu akwai wata rumfa ta kwano da katako, faɗinta bai wuce taku huɗu ba. An ɗaure farantan sola biyu a rufinta, a ciki kuma an kafa allo cike da soket, wayoyi rututu, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba. Yaron da ke tsaron rumfar ko sakandare bai gama ba, amma daga kukan inbata yake gane batirin da ya fara gajiya. In hazo ya sauka, kafin hantsi ya hau ya goge farantan da jiƙaƙƙen tsumma, don ya san ƙura na cinye masa wuta. Ran kasuwa mutanen ƙauyuka su shigo, su miƙa waya, su karɓi lamba, su tafi cinikinsu, da la'asar su dawo su biya su karɓi abinsu a cike. Babu gwamnan da ya zo ya yanke masa ƙyalle, babu hukumar da ta ba shi ko sisin kwabo. Irin wannan rumfa ita ce tashar cajin jama'a ta farko a ƙasar nan tamu, kuma tana nan birjik a Bukkuyum da Anka da Gummi da Nasarawar Burkullu da duk garin da ake cin kasuwa.

Shi ya sa raina ke ɓaci duk lokacin da na ji ana zancen motoci masu amfani da lantarki a rediyo. Kullum zancen na Abuja ne da Legas: an kafa wurin caji a harabar wani otal, an kafa a gaban wani katafaren kanti, wani babba ya zauna a sitiyari an ɗauki hoto. Mu da tsadar mai ta fi gasa wa aya a hannu, ko sunanmu ba ya fitowa. In ka ɗaga maganar gaban wani ɗan boko sai ya ce maka, "Haba Malam, Bukkuyum da ko wutar kunna fanka babu, ina ita ina motar lantarki?" Ai rashin wutar ba mu muka jawo shi ba, kuma shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata a fara da mu.

Ɗan yayata ɗan kabu-kabu ne. Wata rana bayan isha'i ya shigo gida jikinsa duk jar ƙura, ya zazzage aljihunsa a kan tabarma, ya ware kuɗin man da zai sha gobe, ya ware na mai babur, ya ware ɗan abin da yake tarawa na baƙin mai. Abin da ya rage bai kai kuɗin tiyar gero ba. Ya dube ni ya ce, "Kawu, tun da sahe nike bisa hanya. Wa nika yi ma aiki, ni ko mai gidan mai?" Na rasa amsar da zan ba shi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Wannan fa farashin gidan mai ne a birni. Kafin ya iso ƙauyukanmu ya shiga kwalaben 'yan bumburutu, ya ƙara wani kuɗin. A nan kuwa babur shi ne komai. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko buhu daga gona, shi ke kai malami makarantar ƙauye. Man nan dai shi ne injin ban ruwa ke sha a fadamun Gummi. In ya tashi, albasa ta tashi, niƙa ya tashi, har zuwa gaisuwar mutuwa sai an yi lissafi.

Mu kuma mun ga abin da ya fi tsada muni, wato a ce da kuɗinka ma ba ka samu. A Satumbar 2021 gwamnatin jiharmu ta Bello Matawalle ta ɗauki matakan toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe gidajen mai in ba na Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi ba, aka ƙayyade na naira 10,000 ga mutum guda, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Ba ina tuhumar niyyar ba, kowa ya san halin da ake ciki. Amma manomin da ke nesa da hedikwata da ɗan kabu-kabun ƙauye sun ɗanɗana kuɗarsu. Ƙasar da za a iya yanke wa mai da sanarwa guda, ga rana tana dukan ta tun daga hantsi har la'asar kusan duk shekara, ita za a ce ba ta isa a yi maganar abin hawa mai lantarki da ita ba?

Abin da ke ƙara ƙona min rai shi ne a maƙwabtanmu aka fara. Tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko da gwamnatin tarayya ta kafa, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato aka buɗe ta cikin Afrilun 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A Maiduguri, garin da ya fi mu daɗewa cikin bala'in rashin tsaro, Mustapha Gajibo ya cire injin fetur daga ƙananan bas-bas ya sa musu batir, ya kafa wurin cajinsu da sola, suna ɗaukar fasinja a titi. A jihar Ogun akwai wani ƙauye, Gbamu-Gbamu, inda kamfanin MAX ya gwada baburan lantarki suna shan wuta daga ƙaramar tashar solar da ke haska garin. Ƙauye ne na manoma kamar namu. A 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kashe sama da naira biliyan 150 kan motoci da kekuna masu lantarki da wuraren cajinsu don Arewa maso Gabas. Mu ma an kafa mana hukumar raya Arewa maso Yamma tun 2024. Ina so wakilanmu na Gummi da Bukkuyum, da na Anka, su faɗa mana a wane zama suka taɓa tashi suka nemi kason 'yan kabu-kabunmu a irin wannan.

Tsoron da nake ji ma ya wuce na a manta da mu. Tsorona a tuna da mu ta gurguwar hanya. Na san yadda ake yi. Shekarar zaɓe ta gabato, a sayo kekuna ko babura masu lantarki, a jera su a fili, a raba wa 'yan jam'iyya, ba tare da an gina ko wuri ɗaya da za su sha wuta ba. Wanda aka ba ya kai gida ya jona a janareta, wato yana ƙona fetur don ya guje wa fetur. Bayan 'yan watanni batir ya kumbura, babu mai gyara, babu inda ake sayar da sabo, a jingine abin a zaure kaji su hau. Daga nan a ce talaka bai iya riƙon kaya ba, ko a ce abin Turawa bai dace da ƙasarmu ba. Duk wanda ya raba abin hawa mai lantarki a ƙasar nan bai fara gina wurin caji ba, ya zubar da dukiyar jama'a da gangan, kuma ya kashe wa mutane gwiwa kan abin da zai iya cetonsu.

Wurin cajin da ya dace da mu kuwa ba irin wanda ake nunawa a talabijin ba ne, mai dogon tiyo ana cusawa a jikin motar alfarma. Wannan injin na bukatar wuta mai ƙarfi da layin da ba ya yankewa, mu kuwa mun ga yadda layin ƙasa yake. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Tashar da za ta dogara da wannan layi a Bukkuyum ta mutu tun ran gini. Abin da ya dace da mu rumfar yaron nan ce ta bakin tasha, a faɗaɗa ta. Farantan sola a sama, a ƙasa kuma kanta mai aljihuna cike da batura suna shan wuta. Ɗan kabu-kabu ya iso da batirinsa da ya yi ƙasa, ya zare ya miƙa, a ba shi cikakke, ya biya, ya wuce. Minti biyu ko uku. Haka 'yan acaɓar Kigali ke yi a tashoshin kamfanin Ampersand shekara da shekaru, har gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin daga Janairun 2025. Haka kamfanin Spiro ke yi a Kwatano da Lome, inda 'yan'uwanmu Hausawa ke zuwa fatauci suna gani da idonsu.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Batirin babur irin wannan na ɗaukar wuta wajen yunit 3, yana kai mutum kamar kilomita 70. Ko da farashin wutar manyan unguwannin birni aka lissafa, wanda ya haura naira 200 kan yunit tun Afrilun 2024, cikon bai kai naira 700 ba. A ninka shi biyu saboda tsadar kayan sola, har yanzu bai kamo kuɗin lita biyun da babur ɗin fetur zai sha a wannan tafiya ba. Kuma babu baƙin mai, babu filogi, babu wankin kafireto. Faranti guda mai wat 500, a irin ranarmu, yana ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini. Ke nan faranti biyu sun cika batir guda har da ragi. Rufin rumfunan kasuwa guda ya isa ya ɗauki farantan da za su riƙe babura da dama. A sa irin wannan a Anka, a Nasarawar Burkullu, a Bukkuyum, a Ɗaki Takwas, a Gummi, yadda batir ɗaya zai kai ka ta gaba kafin ya ƙare.

Da na zayyana wa ɗan yayata wannan, ya yi shiru yana juya makullin babur a yatsa. Can ya ce, "To Kawu, in batirin ya mutu, wa za ya biya?" Wallahi a tambayar nan tasa duk maganar take, kuma ita ce ban taɓa jin wani jami'i ya taɓo ba.

Batirin dole ya zama na tasha. Ɗan kabu-kabu ya mallaki gangar babur, ya riƙa sayen wutar da ke cikin batir kamar yadda yake sayen mai, amma batirin kansa na masu tashar ne. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin babur ɗin lantarki. In an ɗora wa yaro sayensa, ba zai iya ba, in ma ya ci bashi ya saya, ran da ya lalace ya koma gidan jiya. In kuwa na tasha ne, su ne za su damu da lafiyarsa. Su za su ajiye shi a inuwa mai iska, don zafinmu na bazara da ke haura digiri 40 yana rage wa batirin litiyam kwana. Su za su caja shi da cajar da ta dace, maimakon a kwana da shi jone a ɗaki kusa da katifa da yara, inda in ya kama da wuta guga ɗaya ba ta kashe shi.

Na san maganar da za a tare ni da ita, kuma ba ta wasa ba ce. Za a ce babur shi ne dokin 'yan bindiga, ga shi na lantarki ba ya ƙara, to ai an ba su abin da za su shigo gari ba a ji ba. Mu da muka binne mutanenmu bayan hare-haren Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba ma bukatar wani ya koya mana wannan tsoro. Amma a duba da kyau. Fetur ɗin da ke cikin jarka ba shi da suna, ba shi da lamba, duk dokar da aka kafa sai da ya sami hanyar shiga daji. Batirin tasha kuwa yana da lamba, an san wa ya karɓa, an san ƙarfe nawa, an san in bai dawo ba. Na zamani ma akwai masu na'urar da ke nuna inda suke, ana iya kulle su daga nesa. A yi rajistar kowane mai babur ta hannun ƙungiyarsu da mai unguwarsa, a gina tashoshin a tsakiyar gari inda idon jama'a yake. Kuma tun da mun taɓa ganin an katse waya, a tsara tashar ta iya aiki da littafi da biro ran da babu sabis. Batirin da aka sayar wa kowa a kasuwa ya tafi da shi, shi ne abin tsoro.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda in na tuna shi barci ke gagarata. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukanmu ba a san dalili ba. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. 'Yargalma da Tungar Guru a nan Bukkuyum, Dareta da Abare da Bagega a Anka. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka tsira da gubar a jininsu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka kai gare ta. Dalmar nan da ta kashe su ita ce a cikin baturan mota da yawancin baturan solar da ke gidajenmu yau, kuma ita ce a cikin kekunan lantarki masu araha, irin waɗanda ɗan kwangila mai neman riba zai fi saurin kawowa. Irin waɗannan batura ba sa daɗewa a zafi. Da idona na ga ɗan gwangwan a bayan wata kasuwa yana fasa tsohon batir da guduma. Ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, ƙasar ta yi kumfa, ya zaro farantan dalmar da hannu ba safa ya jefa a buhu, ga yara uku tsugune suna jiran ya bar musu robar su yi mota da ita. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ka san abin da ke cikin wannan kuwa?" Ya ce ya sani, amma da kilo ake saye. A Ogijo ta jihar Ogun, masana'antun narka tsofaffin batura sun sa wa mazauna garin wannan guba a jini, har sai da hukumar kare muhalli ta ƙasa ta rufe wasunsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Duk wanda zai shigo da ɗaruruwan batura ƙasar Anka da Bukkuyum bai rubuta a takarda wa zai kwashe su in sun mutu ba, to ya raina kaburburan yaran nan. In batirin na tasha ne, akwai wanda za a kama. A sa a cikin yarjejeniya cewa na litiyam za a kawo, kowane da lambarsa, kuma ba za a shigo da sabo ba sai an nuna inda tsohon ya tafi.

Kada kuma wani ya ce mana babu iko ko babu kuɗi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu da rarraba ta. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin DARES na hukumar samar da wuta a karkara, kuma ƙananan tashoshin sola ne ƙashin bayansa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Masu zuba jari a ƙananan tashoshin sola kukansu ɗaya ne: ƙauye na kunna ƙwai da dare, da rana lokacin da sola ta fi ba da wuta babu mai saye. To ga mai saye. Baturan babura da rana za su sha, injin niƙa da rana yake aiki, haka mai walda, haka firjin allurar rigakafi a asibiti, haka injin ban ruwa. Tashar cajin babur ita ce za ta sa wutar garin ta biya kuɗin kanta.

Abin da nake nema daga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, Bukkuyum da Anka da Gummi, bai fi ƙarfinsu ba. Su ware fili a jikin tasha da kasuwa, da takardar shekaru masu yawa, don mai jari ya san ba za a tashe shi ba in mulki ya canja. Su haɗa kai su tsaya a kan batir iri ɗaya, yadda wanda aka karɓa a Anka zai shiga kanta a Gummi, kada kowane shugaba ya kawo kamfanin abokinsa. Su zauna da ƙungiyar 'yan kabu-kabu kafin a sa hannu a komai, don su suka san inda ake tsayawa da hanyar da damina ke yankewa. Kuma in an zo ɗaukar ma'aikata, kada a kawo mana 'ya'yan manya daga Gusau da za su zo sau ɗaya a wata. A nemo yaran rumfunan cajin waya da masu gyaran babur na bakin tasha, a tura su koyo wata uku ko huɗu, su dawo su riƙe wurin.

Na je na sami yaron rumfar nan na tambaye shi ko zai iya. Ya ajiye tsumman da ke hannunsa ya ce, "Baba, in an ba ni faranti ashirin da inuwa mai kyau, mi za ya hana?" Sai ya nuna min tsofaffin batura biyu da ya tura ƙarƙashin benci ya rufe da buhu. Ya ce ɗan gwangwan ya taya su tun makon jiya, shi kuma ya ƙi sayarwa, don yana da dangi a 'Yargalma. Har yanzu suna nan ƙarƙashin bencin, babu inda zai kai su.